Martani ga Mai Cewa a Lulluɓe Furanni da Leda a Hunturun Zariya

Ranar Talatar da ta wuce, bayan azahar, wata maƙwabciyata a nan Samaru ta aiko ɗanta ya kira ni. Na tarar da ita tsaye a kan tukwanen furanni guda bakwai da ta jera a gindin katanga, kowace an kifa mata baƙar leda an ɗaure da tsumma. Ta ce, “Baba, duba mini, kamar wani wari nake ji.” Da na kwance ta farko sai tururi mai ɗumi ya bugi bayan hannuna. Guntayen ganyen da ta bari bayan ta datse sun yi laushi sun kwanta kamar alayyahun da aka turara, ƙasar tukunyar kuwa ta bushe ƙamas har ta ja jiki ta bar gefe. Kwana tara ke nan rabonta da ruwa. Na ce, “Hajiya, wa ya ce ki yi haka?” Ta shiga ɗaki ta ɗauko mini rubutun da ta bi.

Wannan rubutu ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ban san marubucin ido da ido ba, amma daga yadda ya tsara maganarsa na gane mutum ne mai karatu, mai son tsirrai, kuma da kyakkyawar niyya ya yi. Ba kowa ne zai zauna ya yi rubutu a kan furanni ba a lokacin da mutane ke fama da tsadar masara, don haka ya cancanci yabo kafin gyara. Sai dai ita shawara idan ta fita, gidajen mutane take shiga, ga shi kuwa ta shiga gidan maƙwabciyata.

Abin da Malam marubucin ya ce a taƙaice shi ne, hunturu shi ne namu lokacin sanyin irin na Turai, saboda haka duk abin da masu lambu a Kanada da arewacin Amurka ke yi wa furanninsu masu rauni, mu ma shi za mu yi. Ya kafa misali da furen da masana tsirrai ke kira Hemerocallis. Ya ce da shigowar Disamba a datse ganyensa har ƙasa, a daina ban ruwa don ya yi barci, a tula masa ciyawa mai kauri a ka, a kawo leda a rufe, kada a buɗe sai ƙarshen Fabrairu. Ya ƙara da cewa masu sayar da furanni a bakin hanya suna asara duk shekara ne domin ba su yi karatun abin ba.

Bari in fara da furen kansa, tunda ba kowa ya san shi ba. Ni dai furen yini ɗaya nake ce masa, domin ma'anar sunansa a harshen Girka ita ce kyan yini ɗaya, kuma halinsa ke nan: fure ya buɗe da safe, kafin gari ya sake wayewa ya yanƙwane, wani ya buɗe a madadinsa a kan kara guda. Ganyensa dogaye ne sirara kamar na dawa tana ƙarama, duk daga gindi ɗaya suke fitowa, saiwarsa kuma kakkaura ce mai ajiye ruwa. Asalinsa gabashin Asiya ne, Sin da Koriya da Japan, inda har yau Sinawa ke busar da ƙullin furen tun bai buɗe ba su sa a miya. Amurkawa ne suka mai da renonsa sana'a. Wani masani mai suna Arlow Stout ya shafe shekaru yana haɗa irinsa aure a lambun binciken tsirrai na birnin New York, ya fitar da littafi a kansa a 1934. A 1946 aka kafa ƙungiyar masu renonsa, yau nau'o'in da aka yi wa rajista sun haura dubu 80. A cikinsu akwai masu zubar da ganye su kwanta idan sanyi ya shigo, akwai masu zama kore shar duk shekara, akwai kuma na tsaka-tsaki. Masu koren ganyen nan su ne ake kira masu rauni a ƙasashen ƙanƙara.

Me ya sa suke musu abin da suke yi? A jihar Minnesota ko a tsakiyar Kanada sanyi kan kai digiri 20 ko 30 ƙasa da sifili. Ƙasar da ake takawa ita kanta daskarewa take yi ta koma kamar dutse. Babban abin da suke tsoro shi ne daskarewa da narkewa: rana ta ɗan leƙo, ƙasa ta saki, dare ya yi, ta sake ƙanƙarewa ta kumbura. Yau da gobe sai ta tunkuɗo gindin tsiron waje, saiwa ta tsintsinke, iska ta ƙarasa ta. Shi ya sa suke jira sai ƙasa ta daskare tukuna su shimfiɗa ciyawa, don ta zauna a yadda take har sanyi ya wuce. Barin ban ruwa kuwa dole ce, domin ba wanda zai zuba ruwa a kan ƙanƙara, kuma su ɗin ma kafin daskarewar sai sun shayar da ƙasa ta ƙoshi. Leda kuma ko a can masu lambu suna hana a bari ta taɓa ganye. Kowane mataki nasu yana da dalili, dalilin kuma ɗaya ne: ruwan da ke cikin ƙasa ya zama ƙanƙara.

To mu dawo gida. A daren da ya fi kowane sanyi a Disamba ko Janairu, ma'aunin zafi a Samaru yakan sauka wajen digiri 10 zuwa 13, da rana kuma ya hau kusa da 30. Ruwa ba ya daskarewa sai a sifili. A shekarun da na yi a garin nan ban taɓa tashi da asuba na tarar da ruwan randa ya zama ƙanƙara ba, kuma ban ji wanda ya tarar ba, daga Shika har Kwangila. Digiri 12 da ke sa mu rawar ɗari a hanyar masallaci, ga furen da ke rayuwa a tsaunukan Koriya ko a jikinsa. Cutar da Malam ya kawo wa magani babu ita a Zariya.

Tamu cutar daban ce, kuma harshenmu ya riga ya raba mana gardama. Bahaushe yana da sanyi, irin mai laima na bayan ruwan Agusta, yana kuma da ɗari, busasshen sanyin da iska ke kawowa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, ta ratso Sahara, ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, ta iso mana babu ko ɗigon danshi a cikinta. A Agusta danshin iska yakan haura kashi 80 cikin 100, a tsakiyar hunturu kuwa da rana yakan faɗi ƙasa da kashi 20. Duk wanda ya zauna kusa da Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ya san ranakun da hazo ke hana ƙananan jiragen nan tashi. Kowa ya san yadda wanki ke bushewa kafin a gama shanya sauran, yadda leɓe ke tsagewa, yadda faso ke buɗe dunduniya. Uwar da ta ga leɓen ɗanta ya tsage man kaɗe take nema, ta kuma ba shi ruwa ya sha. Abin da ke faruwa da leɓen yaron shi ke faruwa da ganye. A jikin kowane ganye akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan yake numfashi, ta nan kuma ruwa ke fita. Idan busasshiyar iska tana kaɗawa a kansa yini guda, ruwan da ke fita ya fi wanda saiwa ke iya jawowa, sai bakin ganye ya fara ƙonewa, ƙonewar ta yi ta gangarowa. Mai kallo ya ce sanyi ya ƙone shi. Ƙishirwa ce.

A nan ne shawarar daina ban ruwa ta fi ɗaga mini hankali. Ruwan saman Samaru wajen milimita 1,000 ne a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da farkon Oktoba yake sauka. Daga nan sai wata shida ko fiye sama ba ta zubo komai ba. Tsiron da ke Minnesota yana kwance cikin duhu da ƙanƙara, jikinsa ya tsaya cak, ba ya buƙatar komai. Namu kuwa rana na dukansa kullum, ɗumi na nan, jikinsa na aiki, yana neman sha. A ce a hana shi ruwa wata uku don ya yi barci, barcin da zai yi ba na tashi ba ne.

Ba a littafi na koyi wannan ba, asara ce ta koya mini. Shekarun baya na sayi gindi biyar na furen nan wurin wani mai sayarwa da ya ce daga Jos ya kawo su. Uku na dasa a bayan ɗakin girki, inda katanga ke tare iska, kusa da inda muke alwala. Biyu kuma na kai su kusurwar gida ta arewa maso gabas, a fili, don baƙo ya gan su da shigowarsa. A hunturun farko tafiya ta kama ni, na yi mako uku ba na nan. Da na dawo na tarar da biyun nan sun zama kamar busasshiyar ciyawar jinka, na kama ganye ya marmashe a hannuna, na tona na ga saiwar da na sani kakkaura ta motse kamar busasshiyar kuɓewa. Ukun da ke bayan ɗakin girki kuwa suna nan kore, ƙura ce kawai ta rufe su. Gida ɗaya, dare ɗaya, sanyi ɗaya. Iska da ruwa ne suka raba su. Jikokin waɗancan ukun suna nan a gidana har yau, kuma daga cikinsu ne na ba maƙwabciyar tawa.

Da Malam zai ɗauki safiya guda ya gangara fadamar Galma ko bakin Kubanni a watan Janairu, da ya ga abin da zai sa ya sake tunani. A tsakiyar wannan sanyi da yake tsoro ne latas da kabeji da karas da albasa da tumatir ke yin kyan da ba sa yi a damina. Alkama ma a Kadawa tun tsakiyar Nuwamba ake son a shuka ta don ta samu sanyin nan, in an makara zafi ya riske ta ba ta cika ido. Ga manomin rani sanyin hunturu arziki ne. Ya duba kuma yadda suke renon irin tumatir. Sukan yayyafa iri a fangali, su shimfiɗa ciyawa shara-shara a kai don ƙasa ta riƙe laima, da zarar tsiro ya leƙo su ɗage ta. Ta ɓangaren da iska ke fitowa kuma su kafa darni na karan dawa. Darnin yana da hikima: iska na ratsa shi amma ƙarfinta ya karye, tsiro na numfashi, rana na shiga. Leda ba ta da ƙofa ko ɗaya. Da dare ɗumin da take riƙewa bai taka kara ya karya ba, da hantsi kuwa ta zama tukunyar turara, musamman baƙa mai zuƙar zafin rana. Gumin da ya taru a cikinta ya kwanta a wuyan tsiron, ruɓa ta shiga. Warin da Hajiya ta ji ke nan.

Inda na yarda da Malam shi ne maganar rufe ƙasa. Lallai a rufe, domin tsirarar ƙasa a hunturu kafin yamma ta saki ruwan da aka ba ta da safe. Amma ƙasa ake rufewa, a bar tsiro a buɗe. Ni ɓawon gyaɗa nake amfani da shi, ko buntun shinkafa, ko busasshen ganyen dogon yaro, kaurin yatsu uku, in bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da wuyan tsiron. Tulin ciyawar da ya ce a ɗora a ka ya manta da wata halitta da mutanen Minnesota ba sa lissafi da ita a lambu, wato gara. A ƙasarmu ta Zazzau duk inda busasshiyar ciyawa ta haɗu da laima a lokacin rani, an kira gara walima. Ko ɗan siririn shimfiɗin nan nawa sai na ɗaga shi duk mako na leƙa, in na ga ta fara gini in kwashe in barbaɗa toka. Wanda ya tula ciyawa ya rufe da leda ya tafi sai Fabrairu, ba zai san abin da ke gudana a ƙarƙashi ba sai an gama.

Datse koren ganye ma babu dalilinsa a nan. Da shi tsiron ke haɗa abincinsa, wanda ya bushe kaɗai ake cirewa. Abin da ganye ke so a hunturu shi ne wanka. Ƙura na toshe shi, kuma a cikin ƙura da bushewa ne wasu ƙananan ƙwari masu saƙa irin ta gizo-gizo ke yaɗuwa a bayan ganye, su tsotse shi ya yi ɗige-ɗige fari. Ɗan ruwa a buta, a wanke gaba da baya sau ɗaya a mako, ya wadatar.

Na san za a ce ruwan fa? Gaskiya ne. A Hayin Dogo da Palladan da unguwannin Sabon Gari da yawa, daga Janairu rijiyoyi sun fara ja da baya, gida sai ya jira 'yan ga-ruwa, kuma ba wanda zai ce wa mai sayen jarka ya shayar da fure kafin yara. Amma abin bai kai yadda ake zato ba. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da na ɗaurayar kayan miya, idan aka tara a bokiti, sun ishi tukwane bakwai. Na omo da na sabulu ne ba a so. A ba shi sosai har ya ratsa, sau biyu ko uku a mako, da sassafe ko bayan la'asar, ya fi a riƙa yayyafa masa kullum ruwa bai wuce saman ƙasa ba. Tukwane kuma a tara su wuri ɗaya a jikin katangar da ke tare iskar arewa, suna yi wa juna inuwa. Wanda ya dasa a ƙasa yana iya binne ɗan tulun da ba a shafe ba a gefen tsiron, ya bar bakinsa a waje ya rufe da murfi, ya riƙa cika shi, ruwa na tsattsafowa a hankali daidai inda saiwa take.

Maganar da ta fi yi mini ciwo ita ce ta masu sayar da furanni. Mutanen nan da ke bakin titin Sakkwato tsakanin Sabon Gari da Samaru, da jarkokinsu da rumfar zana, su ne ke fitar da dubban tsirrai daga hunturu lafiya duk shekara, kuma jarinsu ke nan, in sun yi kuskure su ke kwana da yunwa. Wanda abincinsa ke rataye a kan abu ba a ce masa bai san abin ba. Samaru ma ta taɓa koyon wannan darasi. Tun 1922 ake binciken noma a nan, a 1962 cibiyar binciken ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. An daɗe ana gaya wa manoma su daina cakuɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, ana ganin rashin wayewa ne. A wajen 1966 wani masanin tattalin arzikin noma, David Norman, ya zauna ya bi diddigin gonakin ƙauyuka uku na ƙasar Zariya, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, yana auna aikin da aka yi da abin da aka girba. Ya gano cakuɗawar nan tana da riba, tana kuma kare manomi daga tashi hannu rabbana a shekarar da ruwa ya yi gardama. Aikin nasa na cikin abin da ya sa masu binciken noma a duniya suka koma tambayar manomi dalilinsa kafin su gyara masa. Hanwar nan kuwa a kan hanyarmu take, kullum muna wucewa. Bai kamata mu da ke zaune a inda aka gano wannan mu koma muna raina mai lambu don bai riƙe takarda ba.

Akwai wani abu kuma da ya juye wa Malam gaba ɗaya. Nau'in da ake lallaɓawa a Kanada, mai koren ganye duk shekara, shi ne wanda ya dace da mu, kamar yadda shi ne ke yin kyau a jihohin Amurka masu ɗumi irin Florida. Nau'in da suke yabo da juriya, mai kwanciya, yana buƙatar sanyi na gaske kafin ya farfaɗo da ƙarfi, a ƙasa mai zafi sai ya yi ta ramewa shekara bayan shekara. Duk wanda aka kawo wa tsarabar furen nan daga waje, wannan ce tambayar da zai fara yi.

Ban ce babu tsiron da ke hutawa a ƙasarmu ba. Akwai, amma rani ne ke kwantar da su. Albasar kwaɗi ta dajinmu takan ɓace ƙarƙashin ƙasa har sai ruwan fari ya sauka ta fito da farin furenta. Jan furen nan mai albasa a gindi, wanda masana ke kira Hippeastrum, sai ya ji bushewa yake fitar da kara ya yi fure, har a Najeriya ake masa laƙabi da furen hunturu. Ƙariya ma tana tsaye ba ganye take cika da fure a tsakiyar rani. Irin waɗannan in aka rage musu ruwa an yi daidai, da a kansu Malam ya yi magana da ban ce uffan ba. Furen yini ɗaya ba ya cikinsu. Ba shi da albasa, ajiyar da ke saiwarsa ta 'yan makonni ce, kuma gwajinsa na gaskiya yana gaba, a Maris da Afrilu, lokacin da bazara ke kai zafi kusa da digiri 40 ga rijiya ta ƙafe. Tsiron da ya fito daga hunturu da ganyensa da ƙoshinsa shi ke kai wa ruwan Mayu.

Daga cikin tukwane bakwai na maƙwabciyata, uku wuyansu ya riga ya ruɓe, mun zubar. Huɗu mun mai da su bayan ɗakinta, mun kafa musu zana, jiya na ga koren tsiro ya leƙo a biyu. Ina roƙon Malam, don Allah, ya sake rubutu ya janye maganar leda da ta hana ruwa tun Janairu bai shigo ba, domin ba Hajiya kaɗai ta karanta ba. In ya samu sarari ya zo Samaru, ƙofata a buɗe take, mu gangara fadama tare. Kai kuma mai karatu, in akwai leda a kan furenka yanzu, je ka cire ta, ka ba shi ruwa kafin magariba.